Ƙugun Hajja Taƙi Huɗu

Ni tela ce. Tef da alli da almakashi na sani, kuma da Shafi'i ya bar ni da su, da ba mu je mun tsuguna a tsakar gidan mutane a Babura muna haɗa gumi ba.

Shafi'i ƙanena ne, shi ke bi na. Tun da ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida Kazaure ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Wai wani kamfani yake yi wa aiki a Legas. Bai taɓa ganin ƙofar kamfanin ba, su ma ba su taɓa ganin ƙeyarsa ba, amma dai yana cefane, don haka muka yi shiru. Harshen da yake rubutu da shi sunansa Haskell. Na taɓa tambayarsa mutanen wace ƙasa ne ke jin sa, ya kalle ni kamar na zagi wani nasa.

"Yaya Ummu, ki ɗauka injin niƙa ne," in ji shi. "Komai a harshen nan haka yake. Ki zuba dawa, gari ya fito. Gobe ki sake zuba irin dawar, irin garin zai fito. Ba ya tuna wa ya zo jiya, ba ya duba fuskar mai dawa."

Na ce to Allah Ya ba da sa'a, na koma kan kekena.

Sai ga shi ya samo mata. Sadiqa, malamar firamare, 'yar Babura, yarinya mai hankali wadda har yau ban gane me ta gani a jikinsa ba. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, yayar uwar ce ta riƙe ta, ita ce kowa ke kira Hajja. Asalinsu mutanen Borno ne. Mahaifin Sadiqa yana nan da ransa, amma in Hajja ta ce a'a, to shi ma a'a ce a bakinsa. Kuma tun farko Hajja ba ta gamsu da Shafi'i ba. Cewa ta yi ita ba ta taɓa jin sana'ar da rana ba ta dukan mai ita ba. Da ƙyar da roƙo aka shawo kanta, aka kai lefe, aka sa rana.

Ɗinkin anko ya faɗo kaina, na dangin ango da na amarya. Mata a Roni, mata a Gwiwa, mata a 'Yankwashi, mata a Babura, kowace ta kira ni ta karanto min awo ana shewa a bayanta. Wadda ta taɓa karɓar awo ta waya ta san azabar. A wani biki can baya wata ta ba ni awon ƙugu a wurin kafaɗa, na yanka leshin mutane, rigar ta fito har yau ba a samu wadda za ta shiga ba. Ina cikin wannan mitar Shafi'i ya leƙo shago.

"Yaya, bari in rubuta miki manhaja. Kowace ta shigar da awonta ta waya. Kafin ya iso gare ki sai an tantance shi. In ya yi daidai ya fita ta dama, ya zo miki. In bai yi ba ya fita ta hagu, ya koma wa mai shi da dalili. Ƙofa ɗaya ce, babu tsallaka katanga."

Gaskiya abin ya burge ni. Ya ja kujera ya ce in ba shi dokoki, na ba shi. Kafaɗar babbar mace ba ta kasa inci kaza, ba ta wuce kaza. Tsawon riga haka. Har da wadda maigidana na koyon ɗinki ya koya min: ƙugu ba ya kasa ninkin damtse biyu, in ka ga ya kasa, to ɗaya daga cikinsu ƙarya ne. Yana rubutawa yana lumshe ido kamar mai shan fura.

Da muka zo gwaji sai na riƙa zuba masa shirme da gangan, in ce kafaɗa inci biyu, ƙugu inci uku. Shi kuma don ya rama sai ya riƙa rubuta min baƙar magana a matsayin dalili. Muka sha dariya. Ya ce zai goge kafin a tura wa mutane.

Aka tura. Da fari lafiya lau, awo na shigowa tsaf-tsaf, har na fara yabonsa a gaban Inna. Sai Gwaggo Zulaikha ta Gwiwa ta kira.

Gwaggo Zulaikha ƙanwar babanmu ce, kuma a unguwarsu ba a samun sabis sai an je gindin wata tsamiya a bayan gari. Ta auna kanta a ɗaki, ta saka mayafi, ta taka har tsamiya, ta tura. Manhaja ta ce ta rubuta kafaɗa da haruffa, lamba ake so. Ta gyara. Sai ta ce ƙugu ya yi yawa, ashe ta juya tef ta karanto ɓangaren santimita. Ta koma gida, ta sake awo, ta dawo tsamiya da rana tsaka. Sai a lokacin manhaja ta ga damar gaya mata cewa tsawon zani ta sa a wurin tsawon riga.

"Ke Ummu Salma! Wane mara kunya ne a cikin wayar nan? Tun farko bai ga tsawon ba ne? Ya faɗa min duka mana in huta! Ni sa'arsa ce da zai riƙa aike na?"

Na ba ta haƙuri, na ajiye waya, na je na buga wa Shafi'i ƙofa da ƙafa.

Maimakon ya ji kunya, sai murna ta kama shi. Wai ai hanya biyu ce dama. Ta farko, da an ci karo da kuskure ɗaya sai a tsaya nan, ba a ma duba na gaba. Ta biyu, a duba kowane awo shi kaɗai, a tattara kurakuran wuri guda, a miƙa wa mutum gaba ɗaya. Wai ta biyun ta fi kyau a ido, layi kaɗan zai canja.

"To canja," na ce. "Ta faɗi komai lokaci guda, kar ta rage ko ɗaya."

Manhajar kuwa ta ji magana.

Ranar da abin ya faru, mata sun cika gidan Hajja ana haɗa wa amarya turaren wuta da humra, abin da su ba sa wasa da shi. Sadiqa tana makaranta. Sai aka tuna Hajja ba ta tura awonta ba. Maƙwabciyarta Saude ta karɓi wayar. Saude irin mutanen nan ce da in suka fara karanta abu da ƙarfi, kunnensu ba ya jin abin da bakinsu ke faɗa sai sun kai ƙarshe.

Ta ce, "Hajja, tsawon riga?" Hajja ta ce uku. Kafaɗa? Biyu. Ƙugu? Huɗu. Damtse? Hajja ta ce wannan ba ta da shi, a bar shi. Saude ta danna. Amsa ta dawo, ta gyara murya a tsakiyar mata ta karanta:

"Tsawon riga: wannan ta 'yar tsana ce. Kafaɗa: ko kaza ta fi haka. Ƙugu: zanzaro ake yi wa anko? Damtse: babu hannun ne? A je a sake awo, a daina ɓata wa tela lokaci."

An ce har tabaryar da ake daka sandal da ita sai da ta tsaya a sama.

Da la'asar Sadiqa ta kira ni tana kuka, da ƙyar nake gane maganarta. Hajja ta ce a zo a kwashe akwatunan lefe. Ta ce yaron da bai shigo gida ba ya kira ta zanzaro a gaban mutane, in ya shigo me zai kira ta? Har ta sa an fito da akwatunan tsakar gida an jera. Na tambayi Sadiqa, ke wace irin lamba ce uku da biyu da huɗu? Ta ce taƙi ne. Hajja ba ta san inci ba, da tafin hannu take awo, daga babban yatsa zuwa na tsakiya.

Na samu Shafi'i zaune a bakin gado ya dafe kai. Da farko na yi niyyar in wanke shi tas, amma da na ga idonsa sai tausayi ya hana ni. Yaron nan yana son yarinyar nan. Na dai ce masa, "Ka ce za ka goge." Ya ce ya manta. Na ce ai ga shi an tuna maka.

Inna ta ce ba za ta tura manya ba tukuna, don in manya suka shiga magana ta girma. Mu da muka ɓata, mu je mu gyara.

Da safe na ba shi shawara mai sauƙi. "Ka sa manhajar ta yi wa Hajja kara. In ta ga sunanta, ko me aka zuba ta ce madalla."

"Ba ta san ta ba, Yaya. Ɓangaren da ke tantancewa lamba kawai ake miƙa masa, suna ba ya kaiwa can."

"To ka kai shi."

Ya gwada, ina tsaye a kansa. Ya taɓa nan, allon ya yi ja. Ya gyara, wani wurin ya yi ja. Wai harshen ba ya yarda a kira awo tantatacce alhali bai bi ta ƙofar ba, kuma shi da hannunsa ya gina ƙofar haka don kar wani ya yi ha'inci. Yanzu ga shi yana son yin ha'incin, ginin nasa ya hana shi. Na ce lallai ka iya gini.

Can sai ya janye hannu ya ce shi ba zai ma yi ba. In aka karɓi ƙugu inci huɗu, me zan ɗinka? Gara ya koya wa manhajar taƙi: a auna tafin hannun mutum da tef sau ɗaya, ita ta mayar da sauran inci. Baƙar maganar kuwa ni na zauna na yi masa shifta. Kowane dalili ya fara da "ranki ya daɗe", ya ƙare da "in ba damuwa". Ya ce ya yi tsawo. Na ce rubuta.

Muka hau motar Babura, shi da laftof a cinya, ni da tef a jaka da goro da turmin atamfa na ban haƙuri. Duk hanya yana maimaita jawabin da zai yi, ina gyara masa.

Tun daga zaure ƙamshin turare ya tare mu. Akwatunan suna nan a jere a tsakar gida, an ɗora musu tabarma saboda rana. Hajja na zaune a kan kujera a ƙofar ɗakinta. Ban taɓa ganinta kusa ba sai ranar. Masha Allah, mace ce cikakkiya, ta cika kujerar har ta yi saura, ta yafa babban mayafi duk da zafin da ake yi. Kuma ta aika an kira duk matan da suka ji zagin, wai su zo su ji ban haƙurin. Saude na gaba-gaba. Sadiqa na ɗaki, ina hango ƙafarta ta ƙasan labule.

Muka cire takalmi muka tsuguna. Muka gaishe ta, ta amsa da hanci. Shafi'i ya sunkuyar da kai ya fara jawabi, ya yi layi biyu, sauran ya gudu. Ya koma "ku yi haƙuri, Hajja, kuskure ne, wasa ne tsakanina da yayata, ban san zai iso gare ku ba."

"Au, yayarka kake zagi haka?" in ji Hajja. "To madalla. Ashe ba ni kaɗai ba ce."

Ta juya ta ce wani abu da Kanuri, tsofaffin suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba na jin Kanuri, amma na san ba addu'a ba ce.

"An ce wannan abin shi ne sana'arka," ta ce. "Da shi za ka ciyar min da 'ya?"

"Da irinsa, Hajja."

"To buɗe. A gaban mutanen nan ya zage ni, a gabansu nake son in ga gyaran."

Shafi'i ya buɗe laftof a kan gwiwarsa. Ya yi bayanin taƙi. Na matsa na ce, "Hajja, a ara min hannu." Ta miƙo, ta ware yatsu, na ɗora tef, inci takwas. Ta sake faɗo lambobinta kamar mai karanta haddar da ta daɗe a ka: uku, biyu, huɗu. Da aka zo damtse ta ce, "Na ce ba ni da shi. A zamaninmu hannun riga buɗe yake. Ke tela, auna." Na zura tef ƙarƙashin mayafi na zagaye damtsen. Inci goma sha takwas.

Ina faɗar lambar na yi lissafi a zuci. Huɗu sau takwas, talatin da biyu. Ninkin damtse, talatin da shida. Na tuna dokar maigidana. Na ɗaga ido in yi wa Shafi'i alama kar ya danna, ashe ya riga ya danna.

"Saude, karanta," in ji Hajja.

Saude ta leƙa allon ta gyara murya. "Tsawon riga ya yi. Kafaɗa ta yi. Damtse ya yi." Mata suka fara gyaɗa kai. "Ranki ya daɗe, ƙugun da aka bayar bai kai na mai wannan damtsen ba, a taimaka a sake aunawa, in ba damuwa."

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu." Wata ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Wallahi zagin farko ya fi sauƙi, don shi kowa ya san shirme ne. Wannan kuwa cikin ladabi aka faɗa, kuma duk mai ido a tsakar gidan ya san gaskiya ne.

Hajja ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Shafi'i ta ce, "Kai yaro. Na'urarka ce ta yi kuskure, ko ni ce na yi ƙarya?"

Ku duba min tambaya. In ya ce na'ura ce, to sana'arsa ta banza ce, ba shi da abin riƙe mata. In ya ce ita ce, to mu nemi motar ɗaukar akwatuna. Ni dai na zaɓar masa. Na taka masa yatsan ƙafa, na ce ƙasa-ƙasa, "Na'ura. Ka ce na'ura."

Ya ɗago kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan madannai.

"Na'urar ba ta yi kuskure ba, Hajja."

Na ce a raina shi ke nan, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa.

"To ni ce maƙaryaciyar."

"A'a, Hajja. Awon na gaskiya ne. Ba wanda zai ƙirƙiri lambobin nan, sun dace da juna. Sai dai… na da ne. Damtsen ne kawai na yau."

Ban san daga ina ya samo wannan ba, don ba ya cikin jawabin mota. Hajja ta dube shi. Fuskarta ta canja, amma ba irin canjin da nake jira ba. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Kowa ya ba ni wuri. Saude, har ke. Kai kuma ka zauna nan yadda kake. Ke tela, biyo ni."

Na bi ta ɗaki. Sadiqa ta miƙe daga bayan labule, ido jajir, Hajja ta ce ta tsaya a ƙofa. Ta juya min baya ta sauke mayafin. Sai na ga zif ɗin rigarta a buɗe tun daga tsakiyar baya, an kama bakin da fil guda biyu, sun ja har sun lanƙwashe. A matsayina na tela sai da na ji kamar ni aka soka.

"Kin gani ko? Duk rigunana haka suke. In ba wa tela awo, ya kalle ni, ya kalli awon, tsoro ya hana shi magana, ya ɗinka yadda na ce. Ni kuma in sa, in rufa da mayafi. Rabon da in ci abinci in ƙoshi a gidan biki har na manta."

Dariya ta taso min, na danne ta da ƙyar. Na ce, "Hajja, ai da kun bari an sake aunawa."

"Uwar yarinyar nan ce ta auna ni." Ta nuna Sadiqa da haɓa, ba ta kalle ta ba. "Tela ce ita ma, ta fi ki. Ba ta taɓa riƙe tef ba, da hannunta take yi. Ta zagaye ni tana tsokanata, ta ce, Yaya, uku, biyu, huɗu, ki riƙe kar ki manta. Rigar sunan Sadiqa za ta ɗinka min. Ta ɗinka kuwa. Ba ta sake ɗinka wata ba."

Dariyar ta koma inda ta fito. Na tsaya da tef a hannu na rasa inda zan sa shi.

"Na san na ƙaru, ba mahaukaciya ba ce ni," ta ce. "Amma in wani ya sake auna ni, na huɗun nan ya tafi ke nan. Shi kaɗai ya rage min da muryarta a ciki."

Na ce, cikin sanyin murya, "Hajja, in kuna so in ɗinka a kan huɗun, sai in san dabarar da zan yi."

"Ki yi min dabara kamar sauran? A'a. Ƙanenki ya riga ya faɗa a gaban mutane, kuma bai mutu ba." Ta share ido da bakin ɗankwali, sannan ta ɗaga hannuwanta sama. "Ajiye tef ɗin nan. Sadiqa, zo. Ke za ki yi."

Sadiqa ta matso. Ta ɗora tafin hannunta a cikin Hajja, ta ware yatsu, ta fara zagayawa, tana kuka tana ƙirgawa a hankali. Da ta wuce huɗu sai ta tsaya.

"Ci gaba mana," in ji Hajja. "Ai da saura, ko rabi ba ki yi ba."

Sadiqa ta fashe da dariya cikin kukan, Hajja ta kai mata dundu. Ta ƙarasa zagayen ta raɗa min lambar a kunne. Na auna hannun Sadiqa da tef, na shigar a wayata. Komai ya fita ta dama.

Lambar kuwa ba zan faɗa muku ba. Hajja ta riƙe kunnena ta ce in ta ji ta a bakin Saude, ni za ta nema har Kazaure.

Ta mayar da mayafinta muka fito. Shafi'i na nan a tsugune inda aka bar shi, rana ta juyo kansa, bai ko matsa inuwa ba. Matan da aka kora duk suna maƙale a zaure suna leƙe.

"Ku da kuke laɓe, ku zo ku mayar min da akwatunan nan ɗaki kafin rana ta ci fatarsu," in ji Hajja.

Guɗa ta tashi. Saude ce ta fara, har sai da akuyar gidan ta tsinke igiya. Shafi'i ya buɗe baki zai yi godiya, Hajja ta ɗaga masa hannu.

"Ban ce na yafe zagin ba. Wannan sai na ga zamanku. Tashi ka shiga inuwa."

Ya yunƙura, ya kasa. Ƙafafun sun mutu murus. Ya sake yunƙurawa ya tafi gefe, ya rungume laftof kar ta faɗi. Ni na kama hannu ɗaya, Saude ta kama bakin rigarsa, muka ja shi gindin bango a gaban surukansa gaba ɗaya.

Hajja ta dube shi ta girgiza kai, sannan ta leƙa ɗaki.

"Sadiqa, kawo wa mijinki ruwa."